Kyanwar da Ta Gaje Ɗakina

Kwamitin masallacin unguwarmu ya kore ni daga ɗakina, ya bar kyanwata a ciki. A Daura aka yi haka, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a. Ban riƙe shekarar ba. Na dai riƙe cewa damina ce.

Kafin nan ni ɗan fito ne. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauko kayan mutane daga Nijar in shigo da su ta bayan Mai'adua, ta hanyar da babu kwastan. Da farko a ka, daga baya a jaki, daga ƙarshe a babur marar fitila. Na yi gidan yari sau biyu. Ina da tabo a cinya wanda ba na ba da labarinsa. Na sha abin da ake sha a wancan lokaci, a gidajen da kowa ya sani kuma kowa yake cewa bai sani ba. Mata biyu sun zauna da ni, kowacce ta tafi da dalilinta, kuma dalilan nasu masu kyau ne.

Da shari'a ta zo aka rufe gidajen. Gwiwata ita ma ta daina ɗaukar kaya. Sai na tuba. Ba zan ce babu tsoron bulala a ciki ba, amma da gaske na tuba, a gaban jama'a, bayan sallar La'asar, Liman yana faɗa ina maimaitawa. Mutane suka yi kabbara. Waɗansu da muka sha zama benci ɗaya a waɗancan gidaje suna sahun gaba, kuma su ne suka fi ɗaga murya.

A lokacin kowace unguwa tana son a ce tana da tubabbenta. Ni ne na unguwarmu. In baƙi sun zo wa'azi, a nuna ni. Shugaban kwamiti, wani Alhaji da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, shi ya ce a ba ni ɗakin ajiya da ke jikin masallaci. A ciki ake ajiye tabarmi, da butoci, da na'urar lasifika da batirinta, da makarar ɗaukar gawa. Aka jingina makarar da bango, aka samar mini wurin shimfiɗa. Tun da aka haife ni ban taɓa samun ƙofar da makullinta yake aljihuna ba sai wannan.

Sharaɗi ɗaya ne. In tashi kafin assalatu, in ja ruwa a rijiya, in cika butoci goma sha bakwai, in yi shara, in shimfiɗa tabarmi. Alhaji ya faɗa mini a fili.

"Butocin nan su ne shaidarka. Ranar da muka zo muka tarar da su a bushe, mun san inda ka kwana."

Shekara biyu ba su bushe ba.

Wata safiya bayan ruwan dare na ɗaga makarar zan share bayanta, na ga wani baƙin abu kamar tsumman goge fitila. Abin ya buɗe baki. 'Yar kyanwa ce, ba ta fi tafin hannuna ba, jiƙe sharkaf. Baƙa ce duka, sai ƙafa ɗaya fara. Na kama ta a wuya zan kai ta lungu, sai ga Liman.

"Ina za ka da ita?"

"Waje, Allah gafarta Malam."

"Baƙuwa ta zo ɗakin Allah neman mafaka, kai kuma za ka fitar da ita. Kai da ka zo, wa ya fitar da kai?"

Na mayar da ita. Ya yi mini wa'azi a tsaye a kan haƙƙin dabba: ba a ɗaure ta, ba a kulle ta, ba a barin ta da yunwa. Ya ce akwai lada mai yawa. Bai ce zai tafi da ita gidansa ya samu ladar da kansa ba.

Sati biyun farko ba ta da laifi. Mai shayin bakin titi, wanda abokina ne tun zamanin fito, yana ba ni ragowar madara a gwangwani. Ta sha, ta yi barci, ta yi ƙiba. Da ƙafafunta suka yi ƙwari sai halinta ya fito.

Duk yini tana kwance a kan tarin tabarmi. In ka ɗaga hannunta ka saki, faɗuwa yake. Ana idar da Isha'i in kashe fitila, in kwanta, in yi addu'a. Sai in ji ta miƙe. Da makarar take farawa. Ta hau daga ƙasa har sama, ta diro a kan cikina. Daga cikina ta faɗa cikin butoci. Wanda bai taɓa jin butar roba goma sha bakwai suna gangarawa a kan siminti cikin dare ba, ba zan iya kwatanta masa ba. In ta gama da su ta dawo kan yatsun ƙafata. In na rufe ƙafa ta koma gemu. Tana farautar abin da babu shi: ta lallaɓa, ta laɓe, ta daka tsalle a kan iska, sannan ta ruga kamar iskar ta rama. Sai can gab da assalatu, daidai lokacin da ya kamata in tashi, ta zo ta naɗe a wuyana tana gurnani a hankali, ta yi barci. Ni ma in bi ta.

Ban ga laifinta sosai ba. Ni ma na yi shekara ashirin dare ne ranata. Na san yadda jiki yake farkawa in gari ya yi tsit, kunne ya buɗe, ƙafa ta ƙi zama. Da ƙyar na koya wa nawa jikin barcin dare, da taimakon tsufa da tsoron Alhaji. Ita ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun.

Ranar farko da barci ya sace ni, bugun ƙofa ne ya tashe ni. Na buɗe, gari ya fara haske. Dattawa na tsaye bakin rijiya suna jan guga da kansu, hannun riga a naɗe. Ladan ne a bakin ƙofar. Shi siririn mutum ne mai dogon wuya, da iyali cike da ɗaki biyu, kuma tun ranar da aka ba ni ɗakin yake cewa mai kiran salla ya fi kowa cancantar kwana kusa da lasifika. Ya matso dab da fuskata kamar zai faɗa mini sirri. Bakina yake shinshinawa.

"Idonka ja," in ji shi.

"Ban yi barci ba."

"Mun sani. Abin da ya hana ka muke tambaya."

"Kyanwa."

Ya leƙa ɗakin. Tana kwance a kan tabarmi, ta sa hannu ta rufe ido.

"Wannan baiwar Allah?"

"Ita."

"Da can kwastan kake ɗora wa laifi. Yanzu abin ya sauko kan mage."

Aka yi dariya, har da Liman, a cikin rawaninsa.

Na gwada abin da na sani. Na fitar da ita na rufe ƙofa, ta zauna a waje tana kuka irin na jariri har maƙwabta suka aiko tambaya ko an yar da yaro ne. Na kifa mata kwando na ɗora dutse. Dare ɗaya na samu barci. Da safe kafin in buɗe ta Liman ya gani, ya kira ni gefe, ya tambaye ni ko na ji daɗin zaman gidan yari. Na ce a'a. Ya ce to.

Na gwada hana ta barcin rana. In na wuce in tsayar da ita a kan ƙafafunta, ta narke. Na yayyafa mata ruwa, ta lashe, ta koma.

Na kai wa mai shayi ita, don shi ma a rumfarsa yake kwana kuma kullum yana kukan ɓeraye. Bayan kwana biyu ya dawo da ita a cikin kwalin madara.

"Karɓi 'yarka, tsohon ɗan fito. Kofi shida ta fasa. Ɓeran ma da ta kama ba ta ci ba, ƙwallo ta yi da shi har gari ya waye, sannan ta sake shi ya tafi gida."

"Ka riƙe ta sati ɗaya."

"Ko kai ban riƙe ka sati ɗaya ba lokacin da ake nemanka."

Daren da ta dawo ta tauna wayar lasifika. Ba ni da labari, barci ya sake sace ni. Ladan ya buga ƙofa, ya shigo ya tsallake ni, ya ɗauki abin magana, ya hura, shiru. Dole ya fita ya yi kira da muryar da Allah ya ba shi. A ranar unguwa ta gano muryar ba ta wuce bakin rijiya. Mutum biyar suka yi Asuba, butoci kuma a bushe. Ladan bai yafe wa kyanwar ba, amma da yake ita ba a kai ƙararta, ni ya kai.

Alhaji ya kira ni zaurensa. Bai ce in zauna ba.

"Sau biyu ke nan."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ni na tsaya maka. Na tashi a gaban mutane na ce mutumin nan ya shiryu. Ka san abin da ake faɗa yanzu? Ana cewa an gan ka wajen tasha da dare."

"Wa ya gan ni?"

"Ba a faɗi wanda ya gani ba. An dai gani."

"Shi wanda ya gan ni a tasha da dare, me ya kai shi?"

Ya ce na uku shi ne na ƙarshe, makulli zan ajiye.

Na fito ina tunanin inda zan kwana in an karɓe shi. Ban samo ko'ina ba. Dangina na ƙauye sun daina ambatona tun ɗaurin farko. Mutum mai shekara hamsin da gwiwa ɗaya ba ya komawa fito.

Ranar kasuwar Mai'adua na hau mota na je wajen dabbobi. Akwai wani malamin dabbobi da ya san ni tun ina tsallako da raguna. Na same shi yana duba bakin wani bijimi. Na faɗa masa. Ya yi dariya har sai da ya saki igiyar.

"Kai da ka gagari hukumar ƙasa biyu."

"Magani nake so. Na barci. Nata."

"Babu. Ƙuruciya ce ke damunta, ba ciwo ba. Irinsu da yamma suke farauta, su ci, su kwanta. Taka ba ta farautar komai, ƙarfin yana nan a jikinta har dare, sai ta sauke shi a kanka. Ka samu karan dawa da zare, ka ɗaura gashin kaza, ka riƙa ja mata tana bi, kullum gab da Magariba, har sai ta yi haki. Sannan ka ba ta abinci ta ƙoshi. In ta taɓa ka da dare kada ka motsa, kada ka yi magana. Duk motsin da ka yi, a wurinta ka shiga wasa ke nan."

"Ni zan yi wasa da kyanwa? Da gemuna?"

"Ai ita ta riga ta fara wasa da gemun. Zaɓi ya rage naka."

Na samu karan dawa. Zare na ciro daga bakin tsohon buhu. Mai kaji ya ce in ɗiba a inda yake figa, ranar kuwa baƙar kaza ya yanka, gashin da na samu ke nan. Gashin ba shi da nauyi, ba ya jan zare, sai na yago ƙyalle daga tsumman da mai shayi yake goge tebur na ƙulla. Tsumman ja ne. Ban yi tunanin komai ba.

Saura wuri. Ba zan yi a harabar masallaci ba, ana gani. Ɗaki kuma ya yi kaɗan. A bayan masallaci akwai wani kango, da tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa. Ba mai zuwa wurin, balle da almuru, don tun muna yara ake cewa tsamiya gidan aljanu ce. Ni kuwa na kwana a gindin tsamiya fiye da yadda na kwana a katifa, ban taɓa haɗuwa da kowa ba sai sauro. Abin da ya sa na zaɓi wurin ke nan, ba mai zuwa.

Ranar farko na ji kunya ko da yake ba kowa. Na ja gashin a ƙasa. Ta kwanta da ciki, ta kaɗa gindi, ta faɗa masa. Na fizge. Ta bi. Na zagaya tsamiyar, ta zagaya. Na ɗaga sama, ta tashi kamar an harba ta, ta juya a iska ta dira. Na ɓoye shi bayan saiwa, ta lallaɓo ta ɗaya gefen, yadda wani ɗan kwastan mai wayo ya taɓa yi mini. Sai na ji kaina ina yi mata magana: ta nan, ba ta can ba, wawuya. Na ji kaina ina dariya. Gwiwata tana ƙara, ban kula ba. Da ta zube tana haki na zuba mata nono a 'yar ƙwarya, na ajiye a gindin bishiyar, na tsuguna ina kallo tana sha. Sannan na ɗauke ta na tafi cika butocin Magariba.

Daren nan sau ɗaya ta taɓa ƙafata. Na yi kamar na mutu. Ta haƙura. Na yi barci irin wanda na manta akwai shi. Kwana shida a jere, kafin Ladan ya iso na gama shara ina zaune ina jan carbi. Ya riƙa dubana ta gefen ido. Ya riga ya auna inda zai sa katifarsa, ni kuma na ƙi faɗuwa.

A rana ta bakwai ya bi ni. Ban gan shi ba. Abin da ya gani daga bakinsa na ji, a gaban kwamiti, kuma ban iya ƙaryata ko ɗaya ba.

Aka zauna washegari bayan Azahar, a cikin masallaci, ƙofa a rufe. Alhaji, Liman, Ladan, da dattawa uku waɗanda aikinsu gyaɗa kai. Karan dawana yana tsakiya a kan tabarma. Ba wanda ya taɓa shi da hannu, da sanda aka turo shi.

Ladan ya lissafa da yatsu. Tsamiya. Almuru. Gashin baƙar kaza. Jan ƙyalle. Baƙar mage. Zagayen bishiya, ya ƙirga har bakwai sannan tsoro ya hana shi ci gaba. Magana da wanda ba a gani, da dariya. Daga ƙarshe nono a ƙwarya a gindin bishiyar, ni kuma a durƙushe.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji shi. "Amma kakata 'yar bori ce kafin Allah ya shirye ta. Na san kayan aiki in na gani."

Alhaji ya juyo gare ni. "An yi haka?"

"An yi."

"Duka?"

"Zagayen ya fi bakwai."

"Wa kake kira?"

"Ba na kiran kowa. Gajiyar da ita nake yi, don in yi barci, don in cika muku butoci."

"Me ya sa baƙar kaza?"

"Ita aka yanka."

"Me ya sa tsamiya?"

"Don kada ku gani."

Da na faɗi wannan na san ban taimaki kaina ba. Dattawan uku suka gyaɗa kai tare.

Liman ya ce a bar mutum ya nuna, in wasa ne a gani. Aka aike ni na ɗauko ta. Tsakar rana ce. Na ajiye ta a tabarma, ta zube yadda na ajiye ta. Na ɗauki karan, dattijo ɗaya ya ja da baya. Na ja gashin a gaban hancinta. Ta buɗe ido ɗaya. Na kaɗa shi a kunnenta, kunnen ya motsa shi kaɗai. Na durƙusa, da shekaruna, a gaban mutum shida, ina cewa mus, mus. Ta yi hamma, ta juya mana baya.

"Ba lokacinta ba ne," na ce. "Sai rana ta kusa faɗuwa."

"Haka nasu yake," in ji Ladan. "Da rana ba sa amsawa."

Na ce a kira malamin dabbobi. Alhaji ya ce ba za a kawo ma'aikacin gwamnati cikin maganar addini ba. Na ce a kira mai shayi. Ladan ya ce wanda ba a gani a jam'i ba a karɓar shaidarsa.

Liman ya daɗe yana kallon kyanwar. Ina jin ya gane, yana da jikoki, ya san wasa. Ya ce shi bai ga shirka ba, wauta ya gani. Alhaji ya ce shi ma bai ce shirka ba ce, amma magana ta riga ta fita, mata sun ji, kuma jibi ana zuwa wa'azi daga wata unguwa. Abin da ya yi kama da tsafi, a bayan masallaci, daga hannun tubabben unguwa, ba sai ya zama tsafi ba kafin ya ɓata suna.

Aka yanke hukunci. A ƙona karan da gashin. Kada a sake ganina a kangon. Kada in sake haɗa wani abu irinsa, ko da gashin farar kaza ne.

"To kyanwar fa?" na ce. "In fitar da ita?"

Liman ya ce a'a, alhaki.

"In kulle ta?"

Alhaki.

"To wani a cikinku ya ɗauke ta."

Kowa ya dubi tabarmar gabansa. Alhaji ya ce iyalinsa tana da asma. Ladan ya ce gidansa ko takalmi a waje yake kwana. Dattijo ɗaya ya ce yana da 'yan tsaki.

"Kun hana ni korarta, kun hana ni kulle ta, kun hana ni gajiyar da ita. Me ya rage?"

"Haƙuri," in ji Liman. "Da addu'a."

Ladan ne ya ƙona karan a bakin rijiya, yana tofi. Ƙaurin gashin kaza ya cika unguwa, waɗanda ba su ji labari ba ma suka fito suka ji. Da yamma ɗaya daga cikin dattawan uku, mai 'yan tsakin, ya same ni ina jan ruwa. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya ce shi dai tambaya ce kawai: aikin nan, yana ci a kan mutumin da ya cinye maka iyakar gona? Na ce a kan kyanwa kaɗai na gwada. Ya ce ya gane, ba kowa ake faɗa wa ba. Ya tafi yana jin haushina.

Gab da Magariba ita kuma ta je bakin ƙofa ta zauna tana kallona. Ta yi gaba kaɗan ta hanyar kangon, ta waiwayo, ta dawo. Sau uku. Na ci gaba da cika butoci.

Na yi haƙurin, na yi addu'ar. Na kuma koma dabarata ta da: ba zan kwanta ba sam, in zauna har assalatu, in rama barcin da hantsi. Dare uku na yi a zaune jikin bango, tana hawa tana sauka a kafaɗata. Amma da hantsi ba a barin tubabbe ya yi barci. Wannan ya aike ka, wancan ya ce a kakkaɓe tabarmi saboda baƙi, Ladan ya leƙo ya ga ko me kake haɗawa. A dare na huɗu na tuna ina kallonta tana kokawa da igiyar guga. Da na buɗe ido rana ce a fuskata, ƙofa a buɗe, Alhaji a tsaye ya miƙo hannu.

Bai yi faɗa ba. Na ciro makullin na sa masa a tafi. Kayana buhu ɗaya ne. Na ɗaure, na sunkuya zan ɗauki kyanwar.

"Ajiye ta," in ji Alhaji.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"A ina ka same ta?"

"Bayan makara."

"Makarar wa?"

Liman ya ƙara da cewa ba ni da wurin kwana, wahala kawai zan jawo mata. A nan kuwa tana da rufi, kuma tun zuwanta ɓera bai sake cin tabarma ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Ta zama kayan masallaci, kamar buta.

Ita tana barci. Na sa yatsa a ƙarƙashin haɓarta, ta miƙo farar ƙafar ta ɗora a hannuna ba tare da ta buɗe ido ba. Na zare hannun na fita.

Mai shayi ya ba ni bencinsa kwana tara. A nan na ji Ladan ya tare a ɗakin tun daren farko, da katifarsa da rediyonsa. A nan kuma, ina kwance ido biyu, na ji kiran Asuba yana ja da baya. Yau sai sauran masallatai sun gama. Gobe sai zakara ya gaji. Jibi sai da gari ya yi haske har ana gane fuskar mutum. Kwamiti ya zauna a kan maganar, ƙofa a rufe. Aka gano agogon bangon masallaci ne yake latti. Alhaji ya sayo sabo.

"Sabon ma latti yake," in ji mai shayi, yana miƙo mini kofi. "Ka je ka roƙe su, tsoho. Yanzu sun san gaskiya."

"Sun sani tun ranar."

"To su mayar da kai mana."

"In sun mayar da ni, sun ce sun yi kuskure ke nan. Mutum shida."

Ban je ba, su ma ba su aiko ba. A rana ta goma malamin dabbobi ya aiko cewa masu hatsi a kasuwarsu suna neman mai gadi wanda ba ya tsoron dare. Na je. Sun tambaye ni ko ina da mai tsaya mini, na ce babu. Sun tambaye ni ko ina iya kwana a zaune, na ce ina iyawa. Ɓeraye sun yi yawa a shagunan, sun ce in nemo kyanwa. Na ce su ƙaro tarko.

Yanzu ina Mai'adua, a wata rumfar langa-langa marar ƙofa a bakin layin masu hatsi. Ina gadi daga Isha'i zuwa Asuba, in yi sallata a kan buhu, in kwanta har Azahar.